Kama da wane ba ta wane: ƙurar Bodele da sunayen da ba mu raɗa ba

A tsakiyar hunturun bara, ranar da hazo ya rufe Njamena har wanda ke tsaye a bakin kogin Shari ba ya hango Kusiri a tsallake, na dangwalo ƙurar da ta kwanta a kan tagar ajinmu, na jiƙa ta da ɗigon ruwa a kan ɗan gilashi, na tura ƙarƙashin madubin ƙara girma ɗaya tilo da makarantarmu ta mallaka. Ɗalibai suka yi layi. Yawancinsu suka leƙa, suka ce tsakuwa kawai suke gani, suka koma mazauninsu. Wata yarinya ce ta daɗe sunkuye tana murza abin saita gani, can ta ɗago ta ce, "Malam, ga wani abu nan kamar guntun rariya. Wa ya huhhuda shi haka a jere?"

Ba wanda ya huda shi. Ɓawon wata halitta ne da ta rayu a cikin ruwan daɗi, ta mutu tun shekaru dubbai, iska ta kwaso gawarta daga arewa ta ajiye mana a taga.

Da dare na ba kawuna labarin. Shi tsohon ɗan kasuwar banda ne, ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin Darak da Gite da kasuwannin Njamena, ya san tafkin Chadi tun yana da ƙarfinsa. Na ƙara masa da cewa akwai masana da aikinsu ke nan: su tono tsohuwar laka, su sami irin wannan ɓawo wanda jinsinsa ya ƙare a duniya kuma ba a taɓa rubuta shi ba, su yi wata da watanni suna aunawa, sannan su raɗa masa suna da Latinanci su buga a mujalla. Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To ɗan nan, in sun raɗa sunan, rago ake yankawa? Mutanen tafki na gudun hijira, buhun gero ya gagari talaka, ku kuna can kuna ƙirga ƙofofin abin da ido ba ya gani."

Ban ba shi amsa a daren ba, ba a ja da kawu a kan tabarmarsa. Amma tambayar ba ta wasa ba ce. Ita ce wadda duk mai raba kuɗin gwamnati zai yi in aka kai masa takardar neman kafa irin wannan ɗakin bincike, sai dai shi ba zai yi dariya ba, zai sa takardar a ƙasan tuli ne kawai. Ni kuwa ina ganin Chadi, da maƙwabtanmu na arewacin Kamaru da muke shan ruwa ɗaya muna shaƙar ƙura ɗaya, ba mu da hujjar barin wannan aiki kacokan a hannun baƙi. Kuma dalilina ba na alfahari ba ne, na lissafi ne.

Halittar da ake magana sunanta diyatom. Dangin gansakuka ce, amma ƙwaya ɗaya tal, wadda yawancinta ba ta kai kaurin gashin kai ba. Abin da ya raba ta da sauran gansakuka shi ne tana gina wa kanta gida da silika, sinadarin nan na rairayi da ake narkawa a yi gilashi. Gidan ɓari biyu ne, kwano da murfi, murfin ya ɗan fi girma ya rufe kwanon. A jikinsa akwai ƙofofi da layuka da ƙayoyi, kowane jinsi da irin zanensa, kamar yadda ake gane aikin hular Barno daga na Kano. Suna rayuwa da hasken rana a teku da tafki da kogi har da kududdufi, kuma masana na ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa daga gare su take. Idan ƙwayar ta mutu naman ya ruɓe, gilashin ba ya ruɓewa. Ya nutse ya kwanta a ƙasan ruwa, na bana a kan na bara, har a tara farar ƙasa mai kama da alli, marar nauyi, wadda in ka murza ta da yatsa sai ta zama gari.

Irin wannan farar ƙasa ce shimfiɗe a kwarin Bodele, wajen kilomita 500 arewa maso gabas da tafkin Chadi, wuri mafi gangare a duk ƙasar nan. Shekaru 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce, Bodele ne tsakiyar zurfin wani tafki da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, kusan girman tekun Kasfiyan na yau. Gaɓarsa tana nan ba ta ɓace ba: ita ce dogon tudun rairayin nan da ya bi ta Maiduguri da Bama, ya shiga Kamaru ta Limani ya miƙe har Yagwa. Wanda ya taɓa bin hanyar ya hau shi ya sauka bai san bakin teku ya taka ba. Inda nake zaune ina wannan rubutu a Njamena, a wancan zamani ruwa ya shanye shi da sama da mita 20. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Yobe, mai shekara wajen 8,000, na mutanen wancan zamanin ruwa ne.

Yau iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi kamar ruwa a mazurari, ta faɗo kan farar ƙasar nan da ƙarfi ta yi sama da ita. Shi ya sa ake kiran Bodele wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kusan kwana 100 a shekara yana hayaƙi. Hazon da ke hana jirgi sauka a Marwa da Garwa da Kano, wanda ke busar mana da leɓe ya cika asibitoci da masu tari a daidai lokacin da ake fargabar sanƙarau, kaso mai yawa nasa gawar diyatom ce. Wani ɓangare kuma yakan haye tekun Atlantika. Tun a 1832 Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a jirgin ruwansu kusa da tsibiran Kef Bade, ya aika wa masanin Jamus Ehrenberg ita tare da wadda wasu matafiya suka tara, shi kuma ya sami nau'in ƙananan halittu 67 a ciki, galibinsu na ruwan daɗi, a tsakiyar ruwan gishiri. Wani bincike na 2006 ya ce kusan rabin ƙurar da ke sauka a dajin Amazon tana ba shi taki daga Bodele take. Wani na baya-bayan nan ya ce an zuzuta, yammacin Sahara ya fi ba da gudummawa. Masana na nan suna jayayya. Abin da ya fi burge kawu da na gaya masa daga baya shi ne, wani kaso na sinadarin fosforas da ke cikin wannan ƙura daga ƙashin kifin tsohon tafkin yake. Ya ce ashe mun daɗe muna fitar da banda waje ba a biyan mu.

To, ina amfanin suna?

Diyatom halitta ce mai tsirfa. Wani jinsi ba ya rayuwa sai a buɗaɗɗen ruwa mai zurfi da igiya ke juyawa. Wani sai a manne jikin kainuwa da ciyawar gaɓa. Wani yana son ruwan da ya yi kanwa-kanwa irin na tafkunan Kanem, wani kuwa gishiri kaɗan ya kashe shi. Saboda haka in aka soka bututu a ƙasan tafki aka zaro sandar laka, aka bi ta daga ƙasa zuwa sama, ɓawon da ke kowane mataki zai gaya maka yadda ruwan yake a lokacin da ya kwanta. Inda dangin Aulacoseira suka cika, waɗannan masu kama da guntayen kara da aka jona, masu nauyin da sai ruwa na motsi suke iya zama a sama, an san tafki ne buɗaɗɗe mai ruwan daɗi. Su ne suka fi yawa a farar ƙasar Bodele. Inda suka ragu masu manne wa ciyawa suka karɓe, ruwa ya ja baya ya zama fadama. Inda masu son kanwa suka bayyana, rana tana shan ruwan fiye da yadda kogi ke kawowa. Babu wani ma'aunin ruwan sama a Kanem shekara 5,000 da suka wuce, babu malamin da ya rubuta. Wannan laka ita ce kundin da aka bari.

Amma kundin ba ya karantuwa sai an san haruffansa, kuma a nan ne aikin mai raɗa suna yake. Kama da wane ba ta wane. Jinsi biyu za su iya yin kama kamar an tsaga kara a madubi na yau da kullum, alhali ɗaya na ruwan daɗi ne ɗaya na ruwan kanwa. Wanda ya haɗa su a suna ɗaya zai karanta fari a inda aka yi damina. Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Idan diyatom za ta rabu biyu, kowane ɓari yakan zama murfi ya ƙera sabon kwano a cikinsa, don haka ɗaya daga cikin 'ya'yan kullum ya fi uwar ƙanƙanta. A haka zuriya ke ta raguwa, kamar jeren kwanukan amarya da babba ke haɗiye ƙarami, har sai ta kai wani mizani ta yi barbara ta dawo da girmanta na asali. Mai gaggawa zai ga babba da ƙarami ya ce jinsi biyu ne, alhali kaka ce da jika.

Shi ya sa aikin yake da cin rai. Ana ɗibar lakar da ba ta fi tsunkulen gishiri ba, a dafa ta a sinadarin da ke cinye ruɓaɓɓen nama da ganye, a zuba mata asid ya narkar da ƙasar alli, a ɗauraye sau da yawa, a ɗiga a kan siririn gilashi ya bushe, a manne shi da wani ƙaro na musamman da ke fito da zanen. Sai a zauna gaban madubi mai ninka girma sau 1,000, a ƙirga ɓawo 300 ko 400 daga mataki ɗaya, kowane a kira shi da sunansa. Sandar laka ɗaya tana iya ɗauke da matakai ɗaruruwa. Idan aka ci karo da wanda bai dace da kowane suna ba, sai a auna faɗinsa da tsawonsa, a ƙirga layuka nawa ne a cikin kashi ɗaya cikin 100 na milimita, a kai shi madubin lantarki a ga cikin ƙofofin, a kwatanta da duk abin da magabata suka zana tun ƙarni na 19. Sai an tabbata ba a taɓa ganinsa ba sannan a rubuta siffarsa. Dokar raɗa sunayen tsirrai ta duniya ta ce dole a ware samfuri guda a ce wannan shi ne asalin mai sunan, a faɗi inda aka adana shi, domin duk mai shakka ya je ya duba da idonsa. Da can sai da Latinanci ake rubuta bayanin, daga 2012 aka yarda da Ingilishi.

Jinsin da ya ƙare yana da wata daraja ta daban. Ba za ka iya zuwa tafki ka ga irin ruwan da yake so ba, sai dai ka tambayi abokan kwanciyarsa, wato jinsunan da aka same su tare da shi waɗanda har yau suke raye. Amma da yake ya bayyana a wani zamani ya ɓace a wani, ya zama kamar tsohon kwabo mai huda da aka tsinta a cikin ginin ƙasa: da ganinsa ka san zamanin da aka yi ginin. In an same shi a wata rijiya a garin Bol da ke bakin tafkin Chadi, aka kuma same shi a wata rijiya a Barno ko a Difa, an san matakan biyu sa'o'in juna ne. Masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa suna buƙatar irin wannan sani, domin a yankinmu ruwan burtsatse yana kwance ne a cikin rairayi tsakanin shimfiɗun yumɓun tsofaffin tafkuna, kuma sanin wace shimfiɗa ce wace shi ne sanin inda za a tsaya da haƙa.

Yanzu ga inda maganar ta taɓa aljihun kawu. Kowa ya haddace jimlar nan: tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Ana nuna hotunan tauraron ɗan'adam guda biyu, na da da na bayan farin 1973 da 1984, kowa ya girgiza kai. A kan wannan jimla aka ɗora shirin janyo ruwa daga kogunan yankin Kwango ta doguwar hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400, shirin da aka yi wa babban taro a Abuja a 2018, ana maganar dala biliyan 50. Ban ce tafkin bai ja baya ba. Kawu ya ga garuruwan da ake zuwa da jirgin ruwa sun koma ana zuwa da mota. Tambayata ita ce, wa ya ce tafkin 1963 shi ne tafki na ainihi? Hafsan Faransa Jean Tilho ya tarar da shi ƙarami a farkon ƙarni na 20, har ɓangaren arewa ya bushe, shi ne ma ya kasa yanayinsa gida uku, ƙarami da matsakaici da babba. Tsibiran da ke kewayen Bol kawunan tuddan rairayi ne da iska ta tara wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da babu tafkin sam. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa a shekaru 20 da suka gabace shi ruwan bai ci gaba da raguwa ba. Mu da muka ga kwalekwale a titunan unguwar Waliya ta Njamena a 2022, muka sake ganin Shari ya yi toroƙo a 2024, ba sai an gaya mana ba.

Tafki ne marar zurfi da ke kumbura ya sace bisa ga abin da Shari da Logon suka kawo masa, su ne ke ba shi kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa. Abin da mai shirin gina gari ko gona ko madatsa a bakinsa yake buƙatar sani shi ne: sau nawa yake yin haka, cikin wane sauri, kuma in ya tafi shekara nawa yake yi kafin ya dawo? Ma'aunan zamani ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Amsar tana cikin laka. A tafkin Yowa na Uniyanga, can arewa, masu bincike ƙarƙashin Stefan Kröpelin na Jamus sun zaro lakar da ta kwanta shekara bayan shekara har 6,000, suka nuna a 2008 cewa Sahara a wannan yanki a hankali ta bushe, ba dare ɗaya ba, kuma an ga lokacin da tafkin ya juya daga ruwan daɗi zuwa na gishiri. A lakar wata tsohuwar rijiyar bincike da aka haƙa a Bol a shekarun 1970, an karanta tarihin tafki na sama da shekara miliyan 6. Ƙasar da za ta ci bashin biliyoyi a kan ruwa, amma ba ta da mutum biyar da za su iya karanta wannan kundi da kansu su ce wa mai ba da shawara "a'a, ba haka ba ne", ta shiga kasuwa ne ba ta san farashi ba.

Ba na cikin masu cewa Turawa sun sace mana. Simone Servant-Vildary ta yi shekaru tana nazarin diyatom na kwarin Chadi tun shekarun 1970, lokacin da ba wanda ya damu da su a nan. Da ba don irinta ba da ba mu da abin da za mu ɗora a kai. Har yau akwai masu bincike na waje da ke aiki tare da jami'ar Njamena suna horar da ɗalibanmu. Laifin da nake gani namu ne, kuma na gan shi da idona. Na taɓa shiga ɗakin ajiya na wata ma'aikata neman wani abu daban, na tarar da buhunan samfurin ƙasa jibge a lungu, rufin ya yi yoyo a kansu, gara ta cinye takardun da ke faɗin daga ina aka ɗebo su da zurfin mita nawa. Samfurin da ya rasa takardarsa ya koma ƙasa kawai, sai a zuba a cike rami. Wani ya sha rana ya haƙo su, wani ya biya kuɗin mota. In haka za mu riƙe, to gara ma gilasan su zauna a London ko Faris ko Filadelfiya, inda aka adana na shekara 150 kuma har gobe za a ciro maka in ka nema.

Sai dai "in ka nema" ɗin nan akwai biza a cikinsa, da kuɗin jirgi, da wasiƙar gayyata. Ɗalibar da ke son ta tabbatar ko abin da ta gani a lakar tafkin Fitiri shi ne wanda aka raɗa wa suna daga lakar Bol, bai kamata sai ta haye teku ba. Kuma maganin ba mai tsada ba ne. Daga tsunkulen laka ɗaya ana iya yin gilasai da yawa. Dokar sunaye ta san da kwafin asali, ana rarraba su ga ma'adanai daban-daban. Abin da nake nema shi ne ya zama sharaɗi a cikin takardar izinin bincike: duk wanda ya ɗebi laka a ƙasar nan, rabi ya zauna, kuma duk sabon jinsin da aka bayyana, kwafin gilashinsa da hotunansa su dawo. Mu kuma mu tanadi ɗaki mai rufin kirki, da kabad, da rajista, da ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa ke nan ba wani ba. Madubin lantarki yana da tsada kuma yana son wutar da ba ta ɗaukewa, wannan a iya haɗa kai da Marwa da Maiduguri da Ngaundare a yi guda, ko a ci gaba da aikawa waje. Amma madubin ƙirga na yau da kullum bai kai kuɗin mota ɗaya daga cikin jerin gwanon da ke raka babban mutum filin jirgi ba.

Mun taɓa yin irin wannan, shi ya sa na san za a iya. Ranar 19 ga Yuli 2001, a Toros-Menala cikin hamadar Jurab, ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, ya fara ɗora hannu a kan ƙoƙon kan wani tsohon dangin ɗan'adam da duniya ta sani da Tumai, mai shekara wajen miliyan 7, yana aiki a tawagar Michel Brunet. Sunan kimiyyar da aka ba shi yana ɗauke da Sahel da Chadi, sunan gidan kuma daga harshen Gorane yake, ma'anarsa fatan rayuwa. An sa wa kamfanin jirgin sama sunan, yara sun san shi a makaranta. Kafin shi, a 1995, an sami muƙamuƙin wani dangin ɗan'adam na daban da aka sa wa sunan Bahar al-Gazal. Saboda waɗannan ƙasusuwa aka horar da 'yan ƙasa masana burbushin halittu, aka yi musu wurin ajiya a cibiyar bincike ta ƙasa. Tumai yana da fuska, shi ya sa ya sami gata. Amma a yankin da aka same shi akwai shimfiɗun farar ƙasar diyatom, akwai ƙashin kifi da na kada, kuma irin waɗannan ne suka gaya mana cewa a bakin ruwa ya rayu ba a hamada ba. Mun karrama baƙon, mun manta da masu shaidar.

Akwai kuma wata dukiya da muke takawa. Wannan farar ƙasa haja ce a kasuwar duniya. Da ita ake tace ruwa da mai da lemo a masana'antu. Ita Alfred Nobel ya cuɗa da ruwan nakiya a 1867 ya sami abin fasa dutse da za a iya ɗauka ba tare da ya tashi da mutum ba. Garinta kuma, in an gauraya da hatsi a rumbu, yana kashe ƙwari ba da guba ba, yana lalata maiƙon da ke jikin ƙwaron ne ya bushe ya mutu. Manomin da gunda da ƙwaro ke cinye masa wake kafin bazara zai so jin wannan. Sai dai ba kowace farar ƙasa ke yin kowane aiki ba, ya danganta da tsabtarta da siffar ɓawon da ke cikinta, ga nisan Bodele da rashin hanya. Ba na yi wa kowa alkawarin arziki. Ina tuna dihe ne kawai, koren wainar gansakukar nan da matan Kanembu suka daɗe suna kwasa a tafkunan kanwa suna shanyawa a rairayi suna miya da ita. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a shekarun 1960, aka duba ta a madubi, yau ga ta nan ana noma ta a Amurka da Sin da Indiya ana sayarwa a kwalba da sunan sifirulina.

Gaskiyar kawu tana nan daram: suna ba ya cika tukunya, kuma wanda ya kwana a sansanin gudun hijira a Baga Sola ba ruwansa da Aulacoseira. In aka ce in zaɓa tsakanin maganin sanƙarau da kabad ɗin gilasai, ba zan yi dogon tunani ba. Amma ba a taɓa kawo mana wannan zaɓi ba. Abin da ake zaɓa a kai kullum shi ne tsakanin kabad ɗin da wani taron bita na kwana uku a otal, mai jaka da alƙalami da kuɗin zama. Kuma Bodele ba ya jira. Babu ruwan da ke ƙara masa sabuwar shimfiɗa tun da ya bushe wajen shekara 1,000 da suka wuce. Kowane hunturu iska na kankare na sama tana watsawa, daga kan tagoginmu har teku.

Gilashin da muka yi a aji bai kai ƙarshen mako ba. Ba mu da ƙaron mannewa, ruwan ya bushe, ƙurar ta tattaru a gefe, wani ya goge da hannun riga. Kafin nan yarinyar ta zana abin da ta gani a bayan littafinta, ɗan bututu mai layukan ɗigo a karkace, ta zo ta ce, "Malam, mene ne sunansa?" Na ce mata sunayensu biyu-biyu ne, na dangi da na jinsi. Na rubuta mata Aulacoseira a allo. Ta tsaya riƙe da biro tana jiran na biyun, har aka kaɗa ƙararrawa.